Takardun Haihuwar Malam Zaidu Guda Huɗu

Ladidi ƙawata, matso da tabarmarki nan inuwa. Tun da kika dawo daga jegon ɗiyarki kike tambayata abin da ya sa Malam Zaidu ya daina zuwa ofis, ni kuwa ina ta kauce miki don ba na son cin naman mutum. To yau zan faɗa miki yadda matarsa Hansatu ta faɗa mini. Allah ya yafe mini, ya yafe masa.

Malam Zaidu akawu ne a wani ofishin gwamnati nan Yelwa. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, kuma duk abin da ya mallaka sai ya rubuta masa suna da fenti, daga buta har bokitin wanka: Z. Zaidu, Babban Akawu. In ya zauna cikin mutane ba ya rasa faɗin cewa shi a hannun Turawa ya koyi riƙon sirrin ofis, wai ko kuka ya ji a fayil ba ya faɗa wa na kusa da shi.

Sirri kuwa yana da shi, guda ɗaya, babba. Duk lokacin da aka yi sabuwar jiha, sai Malam Zaidu ya sake haihuwa. Takardar haihuwarsa ta farko tun zamanin En'e take, kafin a yi jihohi, ita ce mai gaskiya. Da aka yi Jihar Arewa maso Yamma ya je ya yi rantsuwa, ya zubar da shekara biyar. Da aka yi Sakkwato ya zubar da huɗu. Da Allah ya kawo Kebbi ya sake zubar da biyar. Mutumin da ya cika sittin da uku, a fayil ɗin ofis arba'in da tara gare shi, alhali da sittin ake sallamar ma'aikaci ya tafi gida.

Shekara guda da samun jiha aka ce kwamitin tantance ma'aikata na tafe. A makon nan aka kama wani masinja, don matarsa ta ƙunshe wa wani ƙuliƙuli a tsohuwar takardar haihuwarsa. Malam Zaidu ya dawo gida gumi har gemu, ya jawo adakar takardunsa ta shekara arba'in daga ƙarƙashin gado.

"Innar Fa'izu, yau duk abin da ke cikin adakar nan zai bar duniya."

Hansatu ta leƙa. "Malam, takarda huɗu ce fa. Zaro ukun da ba ka so, ga murhu can da wuta."

"Ke ba ki san aiki ba. Na yi musu ɓoyon ƙwararru, inda ko ɗan sandan ciki ba ya gani."

"Ina ne?"

Malam ya gyara hula. Gaskiyar magana ya ɓoye su cikin takardu dubu har shi kansa ya manta inda ya sa. Tabaraunsa ya tsage tun bara, ya ƙi sayen wani, kuma ba zai yarda wani mai karatu ya taya shi nema ba.

"To kai wa Andarawus mai gidan burodi," in ji Hansatu. "Naira biyar yake karɓa ya zuba a tanderu, kana tsaye kana gani har su zama toka."

"Naira biyar! A ƙone mini abina, in kuma biya? Ni da na riƙe sirrin gwamnati tun kafin a haifi Andarawus? Ki zuba ido. Ko kwabo ba zai fita aljihun nan ba, kuma ko ƙuda ba zai san an yi ba."

Washegari Asabar ya tara takardun tsakar gida. Watan Agusta ne, takardu sun sha danshi, ashana takwas ya ƙyasta ba wadda ta kama. Hansatu ta ce a sayo kananzir kwalba ɗaya. Ya ce kananzir na ragwaye ne. Ya bi gidan ya tattaro tsofaffin silifa da guntun tayar keke ya cusa a ƙarƙashi. Roba ta kama, takarda ta ƙi. Wani baƙin hayaƙi ya tashi ya haye katanga, ya miƙe sama kamar an kafa ginshiƙi.

"Gobara! Gobara gidan Akawu!"

Kafin ya buɗe baki an banke ƙofa. Andarawus ne a gaba, da garin fulawa har gira, ya sheƙa bokiti guda. Rabin ruwan ya sami wuta, rabi ya sami Malam. Mata da maza suka biyo baya, kowa da abin da hannunsa ya samu, har da mai ruwan wankin kifi. Malam ya ga idanu sun yi yawa kusa da takardunsa, sai ya baza babbar riga ya kwanta a kansu kamar kaza kan ƙwai.

Laraba mai kifi ta kutso. Ita taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba.

"Tsoho, mi kaka ƙonawa?"

"Sauro nake kora."

"Da rana tsaka?"

"Da rana ake samunsu suna barci."

"To kai kuma mi ya kwantar da kai bisa? Ko kai ma korar taka aka yi?"

Andarawus ya sunkuya zai ɗauki wata takarda da ta zamo gefe. Malam ya miƙa ƙafa ya take ta.

"Akawu, in takardu ne ka kawo mini, tanderu na nan da zafi."

"Na gode, maƙwabci. Aikin gwamnati ne, ba a haɗa shi da burodi."

Da aka watse Hansatu ta tsaya ta dubi tulin jiƙaƙƙun takardu, ta dubi mijinta yana ɗiga.

"Dama haka na tsara," in ji shi. "Sai sun jiƙa suke dakuwa. Kawo turmi."

Ya kulle ƙofar gida, ya tuɓe riga, ya kama taɓarya. Mutumin da bai taɓa daka ko barkono ba. Taɓarya ta sami bakin turmi, ta sami ƙasa, sau ɗaya ta sami babban yatsansa. Can sai muryar Laraba ta bayan katanga.

"Hansatu! Wace baƙuwa kika yi da ba ta iya daka ba? Ki maishe ta gidansu a koya mata!"

Hansatu ta cusa bakin zane a baki. Malam ya yi mata alama da ido, ta daure ta ce, "Yarinya ce, Yaya Laraba, tana koyo."

"Wagga nishin nata na tsofaffi ne!"

Daga azahar zuwa la'asar abin da ya daku bai fi cikin tafi biyu ba, bayansa kuwa ya riƙe, sai da aka gasa masa da ruwan zafi. Washegari Hansatu ta wanke turmi sau uku ta daka furar sayarwa, fura ta fito shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina. Masu saye suka dawo da ita ƙwarya ƙwarya. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta sha, kuma tun ɗazu take jin kamar za ta iya karatu.

Hansatu ta ɗauke taɓarya ta kai gidan maƙwabta ajiya.

Ya gwada akuya. Akuya ta ci rasiɗin haraji biyu, ta shinshina na uku, ta juya masa baya.

Ran Litinin ya dawo daga ofis da fara'a. "Innar Fa'izu, mun zauna bakin ruwa muna wahala a tudu. Kogin nan ya haɗiye garuruwa da kasuwanninsu lokacin da aka yi dam, takarda ce za ta gagare shi?"

"Malam, ka iya tuƙa jirgi?"

"Ni? A bakin kogi aka yanke mini cibiya."

Ya ɗura takardun cikin buhun shinkafa, ya sa duwatsu biyu ƙanana, don shi zai ɗauka kuma bayan bai gama saki ba. Bayan la'asar ya bi ta bayan gari ya sauka kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Wani mai jirgi ya ce naira biyu zai kai shi tsakiya ya dawo da shi. Malam ya ce iska kawai ya zo sha. Ya jira mutumin ya juya, ya hangi wani ƙaramin kwalekwale da mai shi ya tafi cin abinci, ya ce a ransa aro ne, ya jefa buhu ya shiga.

Ya tuƙa ta dama, jirgi ya juya hagu. Ya tuƙa ta hagu, jirgi ya juya dama. Da ya haɗa ƙarfi sai jirgin ya kama zagaye wuri ɗaya, ya ga Yelwa, ya ga ruwa, ya sake ganin Yelwa. Ruwan damina kuwa bai tsaya jiran ya koya ba, ya ɗauke shi ya yi ƙasa da shi har gari ya ɓace. Nan Malam ya ce ai dama nesa yake so. Ya miƙe tsaye cikin kwalekwale, abin da ko ɗan shekara biyar na bakin ruwa ba ya yi, ya rungumi buhu, ya yi bisimilla, ya wurga.

Buhu ya tafi. Malam ya bi shi. Hula ta bi nata wuri.

Allah da ikonsa wurin tudun yashi ne, ruwan iyakarsa ƙirji. Ya taka ya fito yana tari, kusa da wani ɗan ƙauyen Gungawa, mutanen bakin kogi, kwalekwale kuwa ya kife ya yi gaba. Wani dattijo ya ba shi tsohuwar taguwa da malafa, ya ce ga mota tana wucewa bakin hanya in zai koma. Malam ya tambayi kuɗin mota, ya ji, ya ce gara ya kwana ya huta. A ransa murna yake. Buhu ya tafi inda ba ya dawowa, kuma kyauta.

Da safe ya kamo hanya a ƙasa, cikin taguwar aro da malafa har ido, yana shirya yadda zai ba Hansatu labari. Rana ta take tsaka ya iso kwatar Yelwa, ya tarar da taron da bai taɓa gani ba ko ranar kasuwa. Ya taɓa wani mai ɗauke da kwando.

"Bawan Allah, mi ya faru?"

"Ba ka ji ba, Baba? Akawu Zaidu ruwa ya ci. An ga jirgi kife, an ga hulatai cikin ciyawa. Da asuba masu taru suka ja, suka ji nauyi, har sun fara kabbara sun zaci giwan ruwa ce. Ashe buhu ne, ga sunanshi da fenti ɓaro-ɓaro."

Malam ya dafe malafa. Duk faɗin ruwan nan, ashe daidai inda masunta ke jan taru kowace safiya ya je ya zubar. Ga kuma al'adar kwata, ke ma kin sani: abin da taru ya kamo wanda ba kifi ba, ba mai kai shi gida. Gaban Sarkin Ruwa ake kai shi, a baje a fili kowa ya gani, har mai shi ko magadansa su zo.

Ya kutsa ya leƙa. Takardunsa na shekara arba'in ne shimfiɗe a kan tabarmin shanyar kifi, layi layi, kowace an ɗora mata ɗan dutse don kada iska ta ɗauka. Masunta sun yi aikin da tsoron Allah, ko ɗaya ba su bari ta ɓace ba. Bugun tafireta kuwa ba ya jin ruwa. 'Yan makaranta na bin layi suna karantawa da ƙarfi.

"Gargaɗi na biyu kan barci a bakin aiki!"

"Ku bari, ku bari, mamaci ne," in ji wani, bayan ya gama saurare.

Gefe guda Sarkin Ruwa na zaune a kujera, masu nutso na ta shiga suna fita. Kusa da shi ga Modibbo Abubakar, shugaban ofishinsu Malam, da takarda a gwiwa yana rubuta sanarwar rasuwa da za a kai gidan rediyo. Laraba na zaune a ƙasa, ta yar da kallabi, tana kuka da gaske.

Malam ya ja malafa ƙasa. Hankali ya ce masa ya sulale ya tafi gida. Amma ya ji ana batunsa, ya ce bari dai ya ji yabon da za a yi masa.

"Mutum ne mai... mai tsafta," in ji Modibbo.

"Bai taɓa cin bashin burodi ba," in ji Andarawus. "Bai ma taɓa saye ba."

Kowa ya shiga neman abin ƙarawa. Haushi ya kama Malam.

"Saura shekaru," in ji Modibbo. "Rediyo ba su karɓa sai an ce ya rasu yana da shekara kaza."

Wani masunci ya miƙo wata leda da aka samu cushe cikin bangon tsohon fayil, an naɗe ta da zare. Ɓoyon ƙwararru ke nan. Ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Modibbo ya warware, ya gyara tabarau.

"Wannan ta ce arba'in da tara. Haka yake a fayil ɗinmu." Ya ɗaga ta biyu. "Wannan kuma ta ce hamsin da huɗu." Ya ɗaga ta uku, ya daɗe yana kallo. "Wannan hamsin da takwas."

Sarkin Ruwa ya gyara zama. "Modibbo, tsaya. Mutum nawa ne suka nitse? In uku ne a faɗa mini in ƙara masu nutso."

"Mutum ɗaya ne, Sarki. Suna ɗaya, uba ɗaya."

"Uwa fa? Sau uku ta haife shi?"

Dariya ta fara tashi, mutane na toshe baki suna istigfari. Modibbo ya buɗe ta huɗun, tsohuwar ta zamanin En'e. Malam ya miƙa wuya ya leƙa. Sai ga shi gara ta cinye daidai wurin shekarar, rami ne kawai ake hango rana ta ciki.

Ladidi, kin ga rufin asirin Ubangiji. Takardu uku duk ba wadda ta kai sittin, ta huɗu kuwa ba ta magana. Modibbo mutumin kirki ne, ya ninke su ya ce, "Wanda ya riga mu, a rufa masa asiri. Abin da ke fayil za a rubuta." Da Malam ya juya a nan ya tafi gida, da iyakarta faɗa da jan kunne.

Sai Laraba ta share hawaye ta miƙe.

"Modibbo, kada a kai ƙarya rediyo, mutum na gaban Ubangijinai. Wane arba'in da tara? Ni nan shi ya goya ni. Shekarar da fara ta cinye gero yana da wayonshi sarai, har yana kama ta yana gasawa. Wallahi ya ba saba'in baya."

"Haba Laraba," in ji Andarawus.

"Ku tambayi mai shunin da yake saye yana shafa ma gemu! Haƙoranshi na gaba ma biyu na aro ne. Saba'in da biyar za a rubuta, kuma na rage mishi don zumunci."

"Ni ma na ga tafiyar tasa ta 'yan tamanin ce," in ji wani daga baya.

"To a raba gardama," in ji Sarkin Ruwa. "A sa saba'in da bakwai."

Modibbo ya ɗora biro a takarda.

"Ƙarya ne!"

Malafa ta yi sama. Malam Zaidu ya tsallake tabarmi biyu ya faɗo tsakiyar fili, cikin taguwar da ba ta kai masa gwiwa ba, jijiyoyin wuya a tashe.

"Ƙarya kike, Laraba! Sittin da uku ne! Sittin da uku cif, ko kwana ban ƙara ba! Kuma haƙori ɗaya ne na aro!"

Kwata ta watse. Masu kwando suka zubar, mata suka yi cikin ruwa, masu nutso suka yi tudu. Andarawus ya kira sunan Yesu ya faɗa bayan wani jirgi. Laraba ta zube zaune tana salati, ta miƙa hannu ta mintsini ƙafarsa, da ya yi ƙara ta ce, "Shi ne. Fatalwa ba ta jin mintsini, marowacin ga ko mutuwa ya hana ma ranshi."

Mutum biyu ne ba su motsa ba, Sarkin Ruwa da Modibbo.

"Alhamdu lillahi da Allah ya dawo mana da kai, Malam Zaidu," in ji Modibbo a hankali. "Nawa ka ce?"

Sai a lokacin Malam ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya duba hagu, ya duba dama. Mutane na dawowa ɗaya ɗaya, sun fi ɗari biyu.

"Ranka ya daɗe, ruwa ne ya shiga mini kunne."

"Kunne ya shiga, ba baki ba."

Modibbo ya ja layi a kan sanarwar rasuwa, ya juya bayan takardar, ya rubuta abin da ya rubuta. Ya ce Malam ya huta yau, gobe ya zo ya miƙa makullan ofis, za a taimaka masa da takardun fansho tunda shekara uku ke nan yana yi wa gwamnati aikin da ya kamata a ce yana gida. Sarkin Ruwa ya ce mai kaya ya zo, sai ya kwashe kayansa, masunta na son tabarminsu. Haka Malam ya bi layi yana tsintar takardunsa ɗaya bayan ɗaya, mai kwalekwale na biye da shi yana tambayar ina filafilinsa.

A gida ya tarar da mata cike da tsakar gida, an ɗora tukunyar sadaka. Hansatu na zaune a ɗaki, idanu sun kumbura. Da ta gan shi ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta tashi ta yi alwala, ta yi sujadar godiya, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi kuwa yana tsaye da buhu a kafaɗa, ya rasa ta inda zai fara.

"Innar Fa'izu, aiki ya tafi. Duk gari sun ji sittin da uku."

Ta ɗago ta dube shi, daga taguwar aro har ƙafafun da suka yi futu-futu.

"Aje buhun ka zauna, Malam. Gara ka shigo mini da ƙafarka kana sittin da uku, da a shigo mini da ɗan arba'in da tara a makara."

Ta zuba masa tuwon sadakar mutuwarsa, ya ci malmala uku.

To kin ji, Ladidi. Don Allah ki bar shi tsakanina da ke, ko maigidanki kada ya ji daga bakinki. In kin gamu da Malam a hanya ki gaishe shi da ladabi, ki tambayi lafiyar iyali, ki wuce. Kada dai ki ce masa ya ƙarfin jiki.